Takardun Iyalan Lauya Tsohon Soja: Amanar Wa Ke Cikin Akwatin?

Duk wanda ya saba duba jerin abubuwan da manyan ɗakunan karatu da gidajen adana takardun tarihi suke riƙe da su, zai riƙa cin karo da wani irin bayani mai layi biyu ko uku: takardun iyalan wane, lauya a birni kaza, wanda ya yi aikin soja a yaƙi kaza, akwati kaza, jikarsa ce ta bayar. A cikin akwatunan akan tarar da wasiƙun da ya aiko gida daga fagen fama, da takardar ba shi muƙami da ta sallama, da littattafan lissafin ofishinsa, da kwafin wasiyyoyi da takardun cinikin filaye da ya rubuta wa mutane, da wasiƙun matarsa da na 'ya'yansa, da hotuna, da rasiɗai, har da labaran jaridu da aka yanke aka ajiye. Darajar irin wannan tari takan fi ƙarfin sunan da ke jikinsa, domin sau da yawa mutumin ba wani shahararre ba ne. Sai dai yana tafe da matsalar da iyalai ba kasafai suke lura da ita ba ranar da suke miƙa shi, wato ba duk abin da ke cikin akwatin ne mallakinsu ba, kuma abin da ya iso hannun masu adanawa ragowa ce ta abin da wasu hannuwa suka riga suka zaɓa.

Abin da ya sa masu binciken tarihi suke rububin irin waɗannan takardu shi ne yadda hukuma take rarraba mutum ɗaya zuwa ofisoshi da yawa. Rundunar soja ta san shi da lamba da muƙami da ranar shiga da ta fita. Kotu ta san shi da sa hannu a ƙasan takardar ƙara, ofishin filaye kuma ya san shi a matsayin shaida ko wakili. Babu ɗaya daga cikinsu da ya rubuta cewa raunin da ya ji a yaƙi ne ya hana shi yawon bin kotunan karkara har ya tsaya a cikin birni, ko cewa tsofaffin abokan aikinsa na soja ne suka fara kawo masa shari'a, ko cewa dukiyar matarsa ce ta buɗe ofishin. A takardun iyali ne kaɗai waɗannan abubuwa suke zama wuri guda. Bugu da ƙari, lauyan birni yana zaune a mahaɗar al'amuran mutane: bashi da gado da aure da saki da karayar arziki da rigimar iyakar fili duk ta teburinsa suke bi. Wanda ya karanta littafin lissafinsa na shekara 30 zai ga waɗanda suka tashi da waɗanda suka faɗi a birnin, tun kafin jarida ta ce komai.

Akwai kuma lokacin da takardar da ke gida take zama ita kaɗai ta rage a duniya. A watan Satumba na 1940, harin bam ɗin jiragen Jamus ya ƙona ma'ajiyar Ma'aikatar Yaƙi ta Birtaniya da ke titin Arnside a Landan, inda kusan kashi biyu cikin uku na fayilolin sojojin Yaƙin Duniya na Farko suka salwanta. A ranar 12 ga Yuli, 1973, gobara ta tashi a cibiyar adana fayilolin ma'aikata ta gwamnatin Amurka da ke yankin St. Louis, ta cinye fayiloli tsakanin miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin 100 na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960. Babu kwafinsu a wani wuri, kuma ba a ɗauki hotonsu ba. Tun daga lokacin, takardar sallamar da wani tsohon soja ya ninke ya sa a ƙasan akwati ta koma hujjar da ita kanta hukuma take karɓa don sake gina tarihin aikinsa. Lauyoyi, saboda tarbiyyar sana'arsu, suna cikin mutanen da suka fi kowa ajiye irin wannan takarda.

To amma wasiƙar soja ba ta faɗin duk abin da ya faru, kuma dalilan haka suna da yawa. A yaƙe-yaƙen duniya biyu, hafsoshi suna karanta wasiƙun ƙananan sojoji kafin a aika, suna goge sunan wuri da yawan waɗanda suka mutu. Ko inda babu mai tacewa, ɗa mai rubuta wa mahaifiyarsa yakan sassauta magana don kada hankalinta ya tashi. Bayan an dawo gida kuma sai wata tacewar ta biyo baya, wadda ta fi ta hafsa tsanani, domin mutumin da ya zama lauya mai mutunci a gari yana da sunan da yake karewa, kuma ya fi kowa sanin abin da rubutacciyar takarda take iya jawowa.

Oliver Wendell Holmes ƙarami misali ne da ya dace da wannan batu. An haife shi a Boston a 1841, ya shiga yaƙin basasar Amurka a runduna ta 20 ta jihar Massachusetts, aka ji masa rauni sau uku: a Ball's Bluff a 1861, a Antietam a 1862, da kusa da Chancellorsville a 1863. Ya bar soja a 1864 da wa'adinsa na shekara uku ya cika, ya yi karatun shari'a, ya yi aikin lauya a Boston, daga baya ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka daga 1902 zuwa 1932. Da aka buga wasiƙunsa da littafin da yake rubuta abubuwan yau da kullum na lokacin yaƙi a 1946, shekara 11 bayan rasuwarsa, sai ta bayyana cewa shi da kansa ya lalata wani sashe na wasiƙun, kuma an cire shafuka daga littafin. Abin da ya rage yana nuna saurayin da gajiya da ganin gawarwaki suka ci ƙarfinsa. Jawaban da ya riƙa yi a tarukan tunawa da mazan jiya a 1884 da 1895 kuwa cike suke da ɗaukaka sadaukarwar soja. Duka biyun nasa ne, kuma ba na ganin ɗaya ya ƙaryata ɗaya, amma mai binciken da ya sami jawaban kaɗai zai zana wani mutum dabam da wanda ya rubuta wasiƙun. Saboda haka wajibi ne a bambanta abin da aka rubuta a ranar da abu ya faru da abin da aka rubuta bayan shekara 30, ko da hannu ɗaya ne ya rubuta su kuma a fayil ɗaya aka same su.

A ɓangaren aikin lauya, abin mamakin shi ne sau da yawa mafi yawan takardun ba sa cikin tarin iyali kwata-kwata. Abraham Lincoln ya yi kyaftin a sojan sa-kai a yaƙin Black Hawk na 1832, sannan ya yi aikin lauya a Springfield ta jihar Illinois daga 1837 har zuwa lokacin da ya tafi karɓar shugabancin ƙasa a 1861. Ɗansa Robert ya miƙa takardun mahaifinsa ga ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka da sharaɗin kada a buɗe su sai shekara 21 bayan mutuwar shi Robert ɗin. Ya rasu a 1926, aka buɗe su ranar 26 ga Yuli, 1947, kuma mafi yawansu na shekarun siyasa da mulki ne. Aikin lauyan da ya ci kusan shekara 24 na rayuwarsa sai da masu bincike suka bi kotunan ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya, daga tsakiyar shekarun 1980, kafin su tattaro takardu sama da 90,000 da suka shafi shari'o'i da ayyuka fiye da 5,000, aka fitar da su a shekarar 2000. Ko a hakan an rasa wasu, domin gobarar Chicago ta 1871 ta cinye fayilolin kotun tarayya da ke can. Idan haka ta faru da mutumin da duniya ta sani, ana iya ƙiyasta yadda takardun lauyan da ba a san shi ba bayan garinsu suke warwatse tsakanin kotu da tsohon abokin aikinsa da magada.

Inda takardun ofis suka biyo akwatin iyali kuwa, a nan ne babbar tambaya take. Abin da mutum ya faɗa wa lauyansa amana ce, kuma a tsarin shari'ar da Ingila da Amurka da ƙasashen da suka gaji tsarinsu suke bi, haƙƙin rufe wannan sirri na wanda ya kawo maganar ne. Lauya mai riƙo ne kawai. Idan shi kansa ba shi da ikon tonawa, da wuya a ce jikarsa ta gaji ikon da kakanta bai taɓa mallaka ba. Ya kamata a rarrabe abubuwa biyu a nan. Takardar da aka shigar gaban kotu ta riga ta zama ta jama'a, kowa yana iya neman ta. Amma wasiƙar da wata mata ta rubuta tana bayyana dalilin da ya sa take son rabuwa da mijinta, ko ɗan rubutun da lauya ya yi a gefen takarda yayin da wani attajiri yake gaya masa ɗan da ya haifa a ɓoye, waɗannan ba su taɓa fita daga ofis ba, kuma masu su sun yi magana ne bisa alkawarin ba za su fita ba.

Shin mutuwa tana warware wannan alkawari? Kotun Ƙolin Amurka ta amsa a 1998. Vincent Foster, mataimakin lauyan Fadar White House, ya gana da wani lauya mai suna James Hamilton a watan Yulin 1993, kwana tara kafin mutuwar shi Foster ɗin, Hamilton kuma ya rubuta shafi uku na abin da suka tattauna. Mai bincike na musamman Kenneth Starr ya nemi a tilasta miƙa shafukan, kotun ta ƙi da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta ce sirrin yana nan ko bayan mai shi ya mutu. Hujjarta ita ce mutane suna damuwa da sunansu da iyalansu bayan ransu, kuma idan suka san za a tona maganarsu da zarar sun kwanta dama, ba za su gaya wa lauya gaskiya ba tun farko. An dai san da togaciya guda tun da daɗewa, wato idan magada suna jayayya kan wasiyya, ana iya jin abin da mamacin ya faɗa wa lauyansa don a gane nufinsa. Hukuncin bai yanke wa sirrin wa'adi ba, kuma wannan ne ya bar masu adana tarihi cikin tsaka mai wuya.

Shari'ar Lizzie Borden ta nuna yadda abin yake kasancewa a aikace. An tuhume ta da kashe mahaifinta da matarsa a Fall River ta jihar Massachusetts a 1892, kotu ta wanke ta a 1893, ta rasu a 1927. Ɗaya daga cikin lauyoyinta shi ne George Robinson, tsohon gwamnan jihar, kuma ofishin lauyoyin da ya gaji nasa ya sha bayyana cewa ba zai buɗe fayil ɗinta ba saboda amanar sana'a. Littattafan da wani lauyan nata, Andrew Jennings, ya rubuta bayanan shirin shari'ar a ciki kuwa sun bi ta hannun iyali, har jikansa ya bar su ga ƙungiyar tarihi ta Fall River, labarin ya fito a 2012. Mace ɗaya ce, shari'a ɗaya ce, amma makomar sirrinta ta dogara ga ko takarda ta tsaya a ofis ko ta tafi gida. A ganina wannan bai kamata ya zama abin da sa'a take yankewa ba.

Gidajen adana tarihi suna bin hanyoyi dabam-dabam. Wasu ba sa karɓar fayilolin waɗanda lauya ya wakilta ko kaɗan, wasu suna mayar wa ofishin da ya gaje shi, wasu kuma suna karɓa su rufe na tsawon shekaru masu yawa, yadda za a tabbata duk wanda abin ya shafa kai tsaye ya riga ya rasu. Akwai kuma masu barin a karanta bisa sharaɗin mai bincike ya sa hannu cewa ba zai ambaci suna ba. Ni ina tare da masu rufewa zuwa wa'adi sananne. Ƙonawa ba ta da gyara, kuma yawanci waɗanda suke ɓacewa a cikinta su ne mutanen da ba su da wata takarda a ko'ina. Buɗewa nan take kuma cin amana ne ga wanda ba shi da bakin kare kansa. Hukumomi ma da wa'adi suke aiki: a Amurka fayil ɗin soja yakan zama na kowa shekara 62 bayan barinsa aiki, bayanan ƙidayar jama'a kuma bayan shekara 72. Na yarda cewa sirrin lauya ya fi waɗannan nauyi, kuma akwai lauyoyin da suke ganin ba ya tsufa ko bayan shekara 200, hujjarsu kuma ba ta banza ba ce. Amma dalilin kafa sirrin shi ne kare mutum da na kusa da shi daga cutarwa, kuma akwai lokacin da babu sauran wanda za a cutar, sai dai zuriyar da take neman sanin asalinta.

Wannan batu na ƙarshe ya fi fitowa fili a takardun lauyoyin kudancin Amurka na kafin 1865. Ƙidayar 1850 da ta 1860 sun lissafa bayi da shekaru da jinsi da launi a ƙarƙashin sunan ubangijinsu, ba tare da nasu sunan ba, sai a ƙidayar 1870 aka fara rubuta sunayen mafi yawansu. Amma lauyan da yake raba gado ko rubuta takardar jingina yakan ambaci kowane bawa da sunansa, wani lokaci har da na uwarsa, domin doka ta ɗauke su dukiya. Takardar da aka rubuta don tabbatar da mallakar mutum ita ce yau jikokinsa suke bi su gano shi. Da magadan waɗannan lauyoyi sun ƙona fayilolin don kare sunan kakansu, ko don girmama sirrin iyayen gijin bayin, da an rufe wa dubban iyalai hanyar da ta rage musu.

Yadda ake tsara tarin bayan an karɓe shi ma yana shafar abin da mai karatu zai fahimta. Tun 1841 ma'aikatar cikin gida ta Faransa ta kafa ƙa'idar cewa takardun da suka fito daga tushe ɗaya a bar su tare, kada a gauraya su da na wani, kuma littafin da wasu masana uku na ƙasar Holan, Muller da Feith da Fruin, suka fitar a 1898 ya ƙarfafa cewa a kiyaye jerin da mai takardun ya bar su a ciki. Hikimar ita ce maƙwabtakar takardu hujja ce: idan wasiƙar neman fansho tana manne da rahoton likita da rasiɗin bashi, jerin ya ba da labarin da ko ɗaya a cikinsu bai bayar ba shi kaɗai. Takardun ofis sukan zo da tsarinsu, domin akawu ya jera su bisa sunan shari'a ko shekara. Na gida kuwa sun riga sun bi ta rariya sau da yawa kafin su iso: gwauruwar da ta cire abin da zai ɓata sunan mijinta, ɗan da ya sayar da wasiƙar da ke ɗauke da sa hannun wani janar, jikar da ta sake jera komai bisa kwanan wata da kyakkyawar niyya. Akwai kuma rinjayen da sunan tarin yake haifarwa. Ana kiransa da sunan mutumin, alhali wani lokaci mafi yawan wasiƙun da ke ciki matarsa ce ta rubuta ko ta adana, kuma ita ce ta riƙe gida da harkokin kuɗi duk tsawon shekarun da yake bakin daga.

Game da mallaka, doka ta raba takardar da kalmomin da ke kanta. Wanda aka aika wa wasiƙa shi ne mai takardar, amma haƙƙin buga abin da ke ciki yana hannun wanda ya rubuta da magadansa, a Amurka da Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai yawanci har shekara 70 bayan mutuwarsa. Don haka iyali suna iya miƙa haƙƙin rubutun kakansu a takardar kyauta, amma ba na ɗaruruwan mutanen da suka rubuto masa ba. Lafiyar takardun kuma aiki ne da aka san kansa: a cire ƙarfen maƙala da roba, a sa su a fayil da kwali marasa asid, a ajiye a wuri mai sanyi wanda damshinsa ba ya hawa da sauka. Takardar da aka yi da niƙaƙƙen itace daga tsakiyar ƙarni na 19 ta fi ta tsumma saurin gautsi, shi ya sa wasiƙar 1780 takan fi ta 1880 ƙwari.

Ɗora hotunan takardu a intanet ya sauya lissafin sirri gaba ɗaya. A da, fayil yana iya kasancewa a buɗe bisa ƙa'ida amma ba wanda zai gan shi sai wanda ya yi tafiya, ya cike takarda, ya zauna yana juya shafuka. Yanzu da kwamfuta take iya karanta rubutun hannu, sunan da ke shafi na 400 na wani littafin ofis yana iya fitowa ga duk wanda ya buga shi a wayarsa. Saboda haka hukuncin barin mai bincike ya karanta a ɗakin karatu dabam ne da hukuncin baza abu ga duniya, kuma ya kamata a yanke kowanne shi kaɗai. Abin da zan nema daga kowane gidan adanawa shi ne bayanin da yake gabatar da tarin ya faɗi tarihin akwatin kansa: hannun da ya bi, abin da aka cire da wanda ya cire shi, shekarun da babu takarda ko ɗaya a cikinsu, sashen da aka rufe da dalilin rufewa da ranar da za a buɗe. Iyalai kuma, kafin su zubar ko su ware wani abu, su kira ma'aikacin adanawa ya ga tarin yadda yake, su gaya masa waɗanne fayiloli ne na waɗanda kakansu ya wakilta, a rubuta sharaɗinsu a cikin takardar kyauta tun ranar farko.